Yadda Na Yi Layya da Bunsuru a Alƙahira

Tun da na dawo daga Masar ba a bar ni na sha shayina da kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zo yi mini barka da aikin ido, kafin ya gama zama sai ya ce, "Alhaji Sambo, wai da gaske ne?" Ba idon suke tambaya ba. Labari ne ya riga ni isowa Gusau cewa ni da na tsufa a fataucin fatu, ni da yara ke taruwa a ƙofar gidana kallon ragon layya kamar ana dambe, na je ƙasar mutane na yanka bunsuru. Da gaske ne. Na gaji da maimaitawa a zaure, shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Yanar ido ce ta kai ni, a shekarar 2012. Ɗan ƙanwata Nafi'u yana karatun fiƙihu a Alƙahira, shi ya nema mini likita, kuma niyyata a wurinsa zan sauka. To amma ina da wani tsohon aboki Ba'amurke mai suna Lamar, wanda ya zo ƙasarmu haƙa rijiyoyi tun muna samari, ya zauna a sashen baƙi na gidan mahaifina. Ba wanda ya taɓa ce masa Lamar a garinmu, Ɗanrijiya ake kiransa. A Gusau matarsa ta haifi ɗansu Daniyel. Yanzu Daniyel injiniyan ruwa ne a Alƙahira, tsohon kuma yana zaune wurinsa tun da matarsa ta rasu. Da ya ji ina tafe sai ya bugo waya da Hausarsa ta mutanen da, ya ce, "Sambo, in ka sabka wani gida ba namu ba, ka ci amanar tuwon Inna."

Ba a musu da irin wannan magana.

Daga Gusau zuwa Kano a mota na tafi, kuma kafin in bar gari iyayen ɗalibai sun ji labari. Jakata ɗaya ce, ta saƙo uku: kuka, daddawa, yaji, kilishi, da wani ƙullin kanwa da uwar Nafi'u ta ce lallai a kai masa saboda ciki. A filin jirgin Alƙahira ma'aikacin kwastan ya buɗe daddawa, ya ja da baya, ya rufe ta da kansa. Kanwar ce ta tsayar da shi. Ya juya dutsen a hannu, ya kira wani, wancan ma ya kira wani. Na yi musu bayani da Larabcin da na koya a kasuwar Omdurman, wanda a kunnen Bamisire yake kamar mutum ya zo daga ƙauye a kan raƙumi. Suka ce in lasa. Na lasa. Babbansu ya ga ban faɗi ba, shi ma ya lasa, ya yamutsa fuska, ya ce, "Ya Hajj, wannan kuke ci?" Na ce magani ne. Ya ce to Allah ya kare shi daga cutar da wannan ne maganinta, ya buga mini hatimi.

Gidan Daniyel a Ma'adi yake, unguwa ce mai itatuwa da shiru, da ɗan lambu a bayan katanga. Na tarar da iyalin a jere a bakin ƙofa daga dogo zuwa gajere: Daniyel, matarsa Rebeka, da yara biyar. Ɗanrijiya ya kwana biyu yana koya musu gaisuwa. Suka durƙusa gaba ɗaya suka ce, "Sannu da zuwa, Kaka." Ƙaramin, Sam, ya durƙusa ya kasa tashi.

Mutanen nan 'yan Mormon ne, wani reshe na Kiristoci da asalinsa Amurka. Ɗanrijiya ya gaya mini haka tun da can, amma a lokacin na ɗauka halayensa nasa ne shi kaɗai, kamar yadda wani ba ya cin kuɓewa. Ban san akwai al'umma guda masu irin halin ba. Ba sa shan giya, na yaba. Ba sa shan taba, na yaba. Ba sa shan kofi, na ce ruwansu. Ba sa shan shayi.

Na sauka a gidajen mutane a Abijan, a Jidda, a Gwanzu ta ƙasar Sin inda aka ba ni miyar da ban tambayi sunanta ba har yau. Ko'ina akwai shayi. Tsarabar da na kawo wa gidan nan ma butar shayi ce ta Agadas da 'yan kofunanta. Rebeka ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya har da ƙwalla, washegari na gan ta a kan tebur an zuba furanni a ciki. Da ta lura ina hamma da hantsi, ta ce za ta sayo mini ganyen shayi in riƙa dafawa a ɗakina. Na ce a'a. Baƙo ba ya shigo da abin da mai gida ya hana kansa. Wanda ya cece ni mai gadin gidan ne, Ammu Sa'id, mutumin kudancin Masar, mai dafa shayi baƙi kamar kwalta. Kullum da safe nakan ce zan miƙe ƙafa, in je benci a bakin ƙofa. Kowa ya san inda ƙafar take miƙewa, ba wanda ya ce komai.

Abincinsu ba laifi, sai abu biyu. Akwai wani abu kore mai sheƙi da ake kawowa a faranti yana rawa shi kaɗai, da gurzajjen karas a cikinsa kamar an kama shi yana iyo. Na jira ya daina motsi kafin in ci, bai daina ba. Na biyu kuma dankali ne da cuku, mai daɗi ƙwarai, wanda Rebeka ta dafa mini musamman a jajiberen ranar da za a yi mini aiki. Na ƙara har sau biyu, na tambayi sunansa. Ɗanrijiya ya ce a garinsu dankalin jana'iza ake ce masa, don shi ake kaiwa gidan rasuwa. Na ajiye cokali. Ya ce, "Ci abinka, Sambo, a wajen biki ma ana yi."

Abin da ya fi burge ni ɗakin ajiyarsu ne, a gefen gareji. Addininsu ya hore su kowane gida ya tanadi abincin da zai riƙe shi tsawon lokaci in wata masifa ta zo. Daniyel ya buɗe mini ƙofa yana murmushi kamar mai nuna sabuwar mota: bokitai ne manya a jere har rufi, alkama, wake, shinkafa, garin madara, zuma, mai. Na ce masa wannan ai rumbu ne, kakanninmu ma haka suke yi, mu ne muka waye muka koma sayen kwano ɗaya kullum.

Aikin ido ya yi kyau. Da aka cire bandeji na ga duniya ta yi datti fiye da yadda na bar ta. Sai dai likita ya ce ba zan hau jirgi ba sai bayan Babbar Sallah.

A nan maganar ta fara. Na je unguwar Hayyis Sabi', inda ɗalibanmu suke zama, kai saƙo, na tarar da Nafi'u da abokan zamansa shida a hawa na shida, gida mai ɗaki biyu, littattafai sun fi katifu yawa. Suka dafa mini taliya da manja. Muna ci wani ɗan Maraɗi mai suna Laminu ya ce shekararsa uku rabonsa da naman layya na gaske, wanda ake soyawa a zuba yaji a ci har haƙori ya yi ciwo. Sauran suka zuba wa kwano ido. Ni kuwa tun da na yi aure ban taɓa tsallake layya ba, kuma ban taɓa ba wani wuƙata ba. Na ce, "Bana za ku ci. Ni zan yanka da hannuna, ku kawo albasa." Suka yi ta addu'a har taliyar ta huce.

Nafi'u ya ce a saya da wuri kafin kaya su yi wuta. A Masar a kan sikeli ake sayar da rago, kamar buhun gero, kuma masu sayarwa kan ɗura masa ruwan gishiri ya ƙara nauyi. Ni ban kalli sikelin ba. Na duba haƙori, na matsa gadon baya, na shafa fata, na zaɓi wani ja mai ƙatuwar jela kamar matashin kai. Mai gidan su Nafi'u ya ce ko kaza ba za a hau masa bene da ita ba. Saboda haka aka kai ragon lambun Daniyel.

Kuskurena na farko ke nan. A garinmu yaro ya san abin da rago yake yi a gida ana saura kwanaki Sallah. Zai ba shi dusa, zai yi alfahari da shi a unguwa, ranar yanka kuma shi ne mai riƙe ƙafa yana jiran hanta. Yaran nan ba su taɓa ganin nama da gashi a jikinsa ba. Kafin la'asar sun sa masa suna Firank. Kashegari sun yi masa wanka da sabulun wanke gashin uwarsu. Shugabar wannan hidima Abigel ce, ta huɗu a yaran, mai shekara takwas ba kaɗan, siririya mai giɓi, wadda in ta yi maka tambaya ba ta ƙifta ido sai ka amsa. Ta ɗaura masa jan ƙyalle a wuya, tana karanta masa littafin makaranta. Ragon da na ga yana tunkuyin mai shi a kasuwa ya koma bin ta kamar ɗan kwikwiyo. Na ce wa Ɗanrijiya, "An gaya musu kuwa?" Ya ce wannan aikin iyayensu ne. Daga baya na gane Daniyel ya ɗauka Rebeka ta faɗa, ita kuma ta ɗauka ya faɗa.

Suna da wata al'ada ta yammacin Litinin. Da na idar da magariba sai a rufe gida: ba fita, ba waya, ba baƙo. A zauna a falo, Rebeka ta buga fiyano a yi waƙa, a yi addu'a, wani ya ba da darasi, a yi wasa, a ci kayan zaƙi. In akwai shawarar gida a nan ake yanke ta, kowa ya ɗaga hannun dama, har da wanda bai daina fitsarin kwance ba. Da idona na ga an kaɗa ƙuri'a a kan inda za a je hutun ƙarshen shekara, Luksor ko bakin teku, uban ya sha kaye ya haƙura. A gidan mahaifina mukan san za a yi tafiya ne in mun ga an ɗora wa jaki mangala.

Litinin ɗin makon Sallah suka ce ni zan ba da darasi, tunda na zama ɗan gida. Na ga ba abin da ya fi dacewa da lokacin kamar labarin Annabi Ibrahim da ɗansa. Na gyara zama na fara da Turancina na fatake. Ashe sun san labarin. Abigel ta ɗaga hannu ta ce Ishaƙu ne. Na ce Isma'ila ne. Ɗanrijiya ya ce, "Ku bar shi nan. Tun ba a haifi ubanku ba muke wannan gardama, ba wanda ya gusa." Na ci gaba har inda aka saukar da rago aka fanshi yaron. Yara suka ji daɗi. Ni ma na ji daɗin yadda suka ji daɗi, sai na ƙara da cewa, "Shi ya sa ranar Juma'a, in Allah ya kai mu, ni ma zan yanka nawa."

Abigel ta ce, "Naka me?"

A bayan ƙofar gilashi Firank na tsaye da jan ƙyallensa, yana cin furen Rebeka yana kallonmu.

Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta juya wurin ubanta ta ce a kaɗa ƙuri'a. Daniyel ya ce rago na Kaka ne, ibadarsa ce, ba a ƙuri'a a kan ibadar mutum. Ta ce an yi ƙuri'a a kan kalar labule. Ta ce Firank a gidan nan yake kwana, a gidan nan yake ci, kuma makon jiya yana bakin ƙofa aka yi addu'ar iyali, saboda haka ɗan gida ne. Daniyel ya kalli matarsa, matarsa ta kalli fiyano. A ƙarshe aka yarda a ɗaga hannu don a ji ra'ayi kawai. Masu son a bar Firank: yara biyar, da hannun Rebeka da ya tashi rabi ya koma gyaran gashi. Masu son a yanka: ni, da Sam, wanda yake ɗaga hannu a kan komai. Ɗanrijiya ya ce kafaɗarsa na ciwo.

Na yi musu bayani a hankali cewa na yi wa mutum bakwai alkawari, kuma dattijo ba ya mayar da maganarsa. Abigel ta ce ta gane. Aka ci kayan zaƙi kamar ana cin magani.

Ranar Alhamis ce Arfa, na tashi da azumi. Da rana na fito lambu na tarar da Abigel zaune a kan matakala, leɓɓanta sun bushe. Su ma suna da azumi: sukan bar ci da sha sau ɗaya a wata su ba mabuƙata abin da za su ci, kuma in wani abu ya dame su sukan yi na musamman su roƙi Allah. Uwarta ta ce ta yi ƙanƙanta, ita kuwa ta ce za ta iya.

Ta ce, "Kaka, kai me kake roƙo?"

Na ce, "Gafara. Da kuma Allah ya karɓi layyata."

Ta ce, "Ni ina roƙon ya bar Firank."

Muka zauna, tsoho da yarinya, kowa da yunwarsa, muna kai ƙara wuri ɗaya a kan rago ɗaya. Na taɓa ganin 'yan kokawa biyu da suka karɓi laya a hannun malami ɗaya, amma wannan ya fi. Da aka kira magariba a masallacin unguwa na raba dabino gida biyu, na ba ta rabi.

Sallah ta faɗo ranar Juma'a, kuma a Masar 'yan Mormon ranar Juma'a suke ibadarsu ta mako, tunda ita ce ranar hutu a ƙasar. Na je idi tare da ɗalibai, muka ɗauko hanya da wuƙaƙe, da bahon roba, da buhun albasa a kan Laminu. Muna isa ƙofa iyalin na fitowa za su wurin ibada, maza da fararen riguna da taye a wuya, mata da dogayen riguna. Aka tsaya ana kallon juna. Rebeka ta ce barka da Sallah, idonta a kan wuƙar Nafi'u. Sai ga Ammu Sa'id ya fito daga lambu yana tafa hannu, yana cewa, "Ya Hajj, zo ka gani."

Ƙofar ɗakin ajiya a buɗe take. Bokitin alkama ɗaya a kife, an ci kusan rabi. Firank na kwance a gindin katanga, cikinsa ta hagu ya kumbura kamar ganga, yana nishi. Kowa ya juya ya kalli Abigel. Ta ce ba ita ba ce, kuma na yarda, don yaran gidan nan ba sa ƙarya, abin har yakan ba mutum haushi. Ɗanrijiya ya ce, "Ni ne. Na ɗebi alkama jiya a yi maka burodin buɗa baki, na manta ban rufe ba. Tsufa."

Laminu ya sauke albasa ya ce, "Yalla, maza a yanka shi kafin ya mutu."

Nafi'u ya ce, "Tsaya." Ya durƙusa ya ƙwanƙwasa cikin, ya miƙe da fuskar alƙali. "Kawu, wannan ba ya isar wa layya. Dabbar da ta ci ta ƙware har cutar ta bayyana, malamanmu sun lissafa ta cikin masu aibi, tare da gurguwa da mai ido ɗaya."

Nan gardama ta tashi. Mutum bakwai masu karatun shari'a, kowa da yunwa, a tsaye a kan rago ɗaya. Wani ya ce a nemi sauƙi a wata mazhaba. Wani ya ce ba a canza mazhaba saboda tsire. Laminu ya koma Faransanci don baƙin ciki. Iyalin na tsaye da littattafansu a hannu, Ɗanrijiya na fassara musu abin da ya iya kamawa. A ƙarshe Nafi'u ya ce, "Khalas, magana ta ƙare. Kwanakin yanka uku ne. In ya warke kafin rana ta faɗi ran Lahadi, ya halatta. In bai warke ba, ma'alish, sai haƙuri." Suka ɗauki bahonsu suka tafi. Albasar suka bari, wai ta jira.

Ni dai na san ragon da ya ci hatsi haka, in aka bar shi ba ya kai gobe. Na aika a bi Nafi'u a karɓo kanwar uwarsa. Daniyel ya kwashi sauran yaran suka tafi, Abigel ta ce ba inda za ta. Rebeka ta ce ko a ranar ibada, dabbar da ta faɗa rami ana ciro ta, ta shiga ɗakin ajiya ta ɗauko man girki. Na jiƙa kanwa, na haɗa da mai a kwalba. Ammu Sa'id ya ɗaga ƙafafun gaba ya ɗora a kan matakala. Saura mai riƙe kai, kuma Firank ba ya yarda da hannun kowa sai na Abigel.

Ta riƙe ƙahon, da farar rigarta ta zuwa ibada. Kafin in kai kwalbar bakinsa ta ce, "Kaka, in ya warke za ka yanka shi?"

Na ce, "I."

"In bai sha ba fa?"

"Zai mutu yau, da wahala."

Ta sa yatsa ta buɗe masa baki ta ce, "To ba shi."

Muka ɗura, muka murza cikin, muka zagaya da shi lambu yana tangaɗi. Can wajen azahar ya tsaya, ya miƙe wuya, ya yi wata gyatsa da ban taɓa jin irinta ba a duk shekarun da na yi cikin dabbobi. Tsuntsaye suka tashi daga bishiya. Ammu Sa'id ya yi kabbara.

Ran Asabar Firank ya fara tuƙa. Ran Lahadi da safe ya tunkuyi mai kawo jarida. Nafi'u ya zo shi kaɗai da wuƙa, ya ce sauran suna gida sun haɗa gawayi.

Ban aika a kira Abigel ba. Ita ta jawo shi da igiya har gabana, ta kwance jan ƙyallen ta sa a aljihu, ta miƙo mini igiyar. Ta ce, "Ga shi, Kaka. Naka ne." Ba ta tafi ba kuma.

Na durƙusa na fara duba shi kamar ban taɓa ganinsa ba. Na buɗe baki, haƙora lafiya. Na ɗaga ƙafa huɗu ɗaya bayan ɗaya. Na leƙa kunne, na ja jela. Da tsohon idona ne da na ga wani abu, ko babu. Amma likitan nan ya iya aikinsa, ragon nan ba shi da aibi ko na ƙwayar gero.

Na ce da Hausa, "Nafi'u, ba ka ga kamar yana ɗingishi ba?"

Ya ce, "Kawu, lafiyarsa ta fi tawa."

"To a karatun naku, mutum ya sayi dabbar layya, yana iya musanya ta da wata?"

"In wadda ta fi ta ce, ba komai. In wadda ba ta kai ta ba ce, makaruhi ne."

"Haramun ne?"

"Makaruhi na ce, Kawu."

Na ce, "A shekaruna, zan iya ɗaukar makaruhi ɗaya." Na mayar wa Abigel igiyar. Ta kalli kakanta don ya fassara mata. Ɗanrijiya sai ya juya ya fyace hanci.

Saura alkawarin mutum bakwai, rana kuma ta fara hawa. Daniyel ya fito da doguwar motar iyali, muka shiga ni da shi da tsohon da Nafi'u. Ranar uku ga Sallah neman rago a Alƙahira kamar neman ƙanƙara ne a kasuwar Shinkafi. Inda muka ga garke makon jiya, sai igiyoyi da tabon jini a bango. Muka bi Abbasiya, muka zagaya Darrasa, kowane mahauci ya ce khalas, sai baɗi. La'asar ta yi muna wani lungu bayan maƙabarta, inda wani tsoho ya ce yana da dabba ɗaya da ba wanda ya taya. Tun kafin a fito da ita muka san dalili. Bunsuru ne baƙi, mai gemu, mai idon mutumin da ya san sirrinka. Nafi'u ya toshe hanci ya duba shi ya ce wari ba ya cikin aibobin da aka lissafa.

Muka sa shi a kujerar baya, inda Sam ke zama, muka sauke gilasai duka. Muna kan hanya Ɗanrijiya ya waiwaya ya daɗe yana kallonsa, ya fara dariya, ya ce, "Sambo, wannan gemun bai tuna maka da kowa ba? Wallahi sak Malam..."

Na sa tafin hannu na rufe masa baki. Na ce, "Kada wanda ya sa masa suna."

A kan rufin benen su Nafi'u na yanka shi, mai gidan ya tafi ƙauye yin Sallah, rana saura kamu ɗaya ta faɗi. Ɗaliban suka ce naman ya yi tauri, suka ce yana da ƙarni, suka cinye shi har ƙashi. Laminu ya samu ciwon haƙorin da yake nema. Fatar kuwa, a matsayina na wanda ya san fata, ban taɓa ganin mai muni irinta ba, na bar wa Ammu Sa'id ya ce zai yi shimfiɗa.

To wannan shi ne labarin, ba ƙari. Wanda ya ga abin dariya ne ya zo zaure ya yi a gabana, akwai shayi.

Bayan na dawo da 'yan watanni wani ɗalibi ya kawo mini saƙo. Mutanen nan suna da al'adar ɗaukar hoton iyali a ƙarshen shekara su aika wa dangi. Ga su nan a jere a lambu daga dogo zuwa gajere, kowa da farar riga. Tsakanin Abigel da Sam, a daidai inda tsawonsa ya kai shi, Firank ne a tsaye da jan taye a wuya, ya yi ƙiba har ba ya kama da abin da za a ci. Hoton na nan a bangon zaurena. Mahaucin unguwarmu duk ranar da ya shigo sai ya tsaya a gabansa ya daɗe, ya girgiza kai, ya ce, "Alhaji, wannan asara da me ta yi kama."

Yanzu sai jajibere nake sayen rago, kuma a bayan gida ake ɗaure shi. Jikokina sun san doka. Sunansa "wancan".